Maigidana ɗan Indiya ne, an ce yana bakin ƙofar ciwon suga: zai iya komawa daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni Bahaushiya ce, aure ya kawo ni Haidarabad ta ƙasar Indiya shekara 9 ke nan. Maigidana ɗan garin ne, shekarunsa 41, aikin kwamfuta yake yi, sau da yawa har tsakar dare saboda abokan aikinsa suna Amurka. A gwajin da ake musu duk shekara, sugan jininsa kafin karin kumallo ya nuna 112, HbA1c kuma 6.1. Aka ce bai kamu ba amma yana gab. Nauyinsa kilo 72, tsayinsa mita 1.72. Shi cewa yake ai ba shi da ƙiba, ba abin damuwa ba ne, alhali mahaifinsa da ciwon ya rasu. Surukata ta ce a daina sa masa sukari a shayi a koma mazarƙwaila, a riƙa ba shi ruwan karela, wani ɗan itace mai ɗaci irin garahuni, da sassafe. Me zan yi? Zai iya komawa daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan surukinki, Ya ba maigida lafiya. E, zai iya komawa daidai, kuma na ga waɗanda suka koma da idona. Sai dai ina so ki riƙe abu ɗaya tun daga farko: jikin mutumin Indiya ba ya daɗewa a bakin wannan ƙofa. Maganar nan da maigida yake kwantar wa kansa hankali da ita, wai ba shi da ƙiba, ita ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki.

Lambobin tukuna. Sugan mai lafiya bayan ya kwana bai ci komai ba yana ƙasa da 100. Daga 126 zuwa sama, idan an maimaita an sake samu, ciwon suga ne. Nasa 112 yana tsakani. Shi kuma HbA1c madubi ne na wata biyu zuwa uku da suka wuce: ƙasa da 5.7 lafiya, 6.5 ciwo, 6.1 kuwa ya ci rabin hanya. Akwai gwaji na uku da ba a yi masa ba, kuma ina so a yi: a ba shi ruwa mai giram 75 na gulukos ya shanye, a auna jininsa bayan awa 2. Ƙasa da 140 daidai ne, 140 zuwa 199 bakin ƙofa, 200 an shiga. Mutane da yawa sugansu na safe yana nuna sauƙi-sauƙi, sai bayan cin abinci ya yi tashin gwauron zabi, kuma wannan gwajin ne ke kama su. A duba masa yawan jini a lokaci guda, domin ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe ya yi yawa a Indiya, kuma yana iya ɗaga HbA1c fiye da gaskiyarsa.

Yanzu batun ƙiba. A 2004 wata fitacciyar mujallar likitoci ta Ingila, Lancet, ta buga hoton likitoci biyu abokan juna suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya Chittaranjan Yajnik ne na birnin Pune a Indiya, ɗayan John Yudkin na Landan. Ma'aunin BMI, wanda ke gwada nauyi da tsayi, ya ba su lamba ɗaya cif, 22.3 kowannensu. Duk wanda ya kalli hoton zai ce siraran mutane ne masu lafiya. Da aka sa su a na'urar da ke auna kitse, sai ga Baturen da kashi 9.1 cikin 100 na jikinsa kitse, Ba'indiyen kuwa kashi 21.2. Ya ninka shi har da ɗoriya. Yajnik ya shafe shekaru yana bin jarirai a ƙauyukan da ke kewaye da Pune, ya gano cewa tun daga haihuwa jaririn Indiya yakan zo da ƙaramin jiki da ƙarancin tsoka, amma kitsensa yana nan bai ragu ba. Da wannan ƙira yake girma. Kitsen kuma ba a cinya ko damtse yake taruwa ba inda ido zai gani, a cikin ciki yake, ya naɗe hanji, ya kwanta a hanta.

Shi ya sa likitocin Indiya suka sauko da iyakar. Bature sai BMI ɗinsa ya kai 25 ake cewa nauyi ya yi yawa; Ba'indiye daga 23 ne, in ya kai 25 kuma ƙiba ce sosai. Na lissafa na maigidanki, 24.3 ne. Wato a sikelin mutanen ƙasarsa ya riga ya wuce iyaka, yana dab da abin da suke kira ƙiba.

Ki samo tef ɗin awo irin na tela. Da safe kafin ya ci komai, ya tsaya ya ɗage riga. Ki laluba ƙashin haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef ɗin a tsakaninsu, galibi daidai cibiya ko sama da ita kaɗan. Ya fitar da numfashi a hankali, kada ya shanye ciki. Kada ki yarda da lambar wandonsa, maza suna ɗaure wando a ƙasan teɓa. Idan ya kai santimita 90, kitsen ciki ya yi yawa. Ga mace iyakar 80 ce. Lokacin da nake neman ƙwarewa a kudancin Indiya, na yi wannan awo ga maza masu siraran hannaye da ƙafafu kamar sillen kara, tef ya nuna 94, 96, mutum ya tsaya yana kallon lambar kamar ba a jikinsa aka auna ba. Ki rubuta abin da kika samu da kwanan wata. Wannan lamba za ta fi sikeli gaya muku gaskiya a watanni masu zuwa.

Abin da kitsen yake yi a ciki shi ne wannan. Insulin shi ne ɗan mabuɗin da ke buɗe wa suga ƙofar tsoka ya shiga ya zama ƙarfi, shi ne kuma ke tsawata wa hanta ta daina zuba suga cikin jini da dare. Hantar da kitse ya cika ba ta jin tsawar, sai ta kwana tana zubawa. 112 ɗin nan na safe daga nan ya fito. Sai fankiriyas, 'yar gaɓar da ke kwance bayan tumbi tana haɗa insulin, ta ƙara ƙaimi don ta cike giɓin. Shekara da shekaru tana wannan aikin wuce kima, wata rana ta gaji. Bakin ƙofa shi ne lokacin da ta fara gajiya amma ba ta durƙushe ba. Idan aka sauke mata kaya yanzu, tana farfaɗowa.

Na ce jikinsu ba ya daɗewa a nan, ga dalilina. A Chennai an bi mutane kusan shekara 10, aka tarar kusan 59 cikin kowane 100 da suka fara a bakin ƙofa sun shige ciki. Babban binciken ƙasa da hukumar binciken lafiya ta Indiya ta ɗauki nauyi, wanda aka fitar a 2023, ya ƙiyasta mutum miliyan 101 masu ciwon suga da miliyan 136 da ke gab. Ga kuma gado daga mahaifinsa. Ba don in tsorata ki nake kawo wannan ba, don ki san abin ba na "sai bayan Sallah" ba ne.

Labari mai daɗin kuma daga Chennai ɗin ya fito. Farfesa Ambady Ramachandran da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 531 da sugansu ke hawa bayan shan gulukos, suka bi su shekara 3, suka fitar da sakamako a 2006. Cikin waɗanda aka bari da shawarar da aka saba bayarwa, kashi 55 sun kamu. Waɗanda aka koya musu gyaran abinci da tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum, kashi 39 ne suka kamu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne an sami wannan ragi ba tare da nauyinsu ya wani sauka ba. A Amurka, inda aka yi irin wannan da mutum fiye da 3,000 masu ƙiba, aka nemi kowa ya rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsa, haɗarin ya faɗi da kashi 58. Ki haɗa biyun ki gani: motsi da gyaran faranti kaɗai suna aiki a jikin Ba'indiye, in aka ƙara da sauke 'yan kilo sai aikin ya ƙaru. Kuma ki lura, 39 cikin 100 ba sifili ba ne. Gyaran wasa-wasa ba zai wadatar ba.

To mu shiga kicin, inda ƙarfinki yake.

Abin da ya fi sukarin shayi ɗaga sugan mutanen kudancin Indiya ita ce farar shinkafa, kuma ita ce ba wanda ke zargi, don ba ta da zaƙi a baki. Ba na manta wani gidan abinci da muke zuwa da rana. A shimfiɗa maka ganyen ayaba, a ɗiga miya kala huɗu ko biyar a gefe, kowacce ba ta wuce cokali biyu ba, sannan yaro ya zo da bokitin shinkafa ya tula maka tsauni a tsakiya. Ka ci da miyar dal, wato ta ɓararren wake, ya dawo ya ƙara, ka ci da rasam, romon tsamiya da barkono, ya sake dawowa, ka rufe da kindirmo. Abokan aikina likitoci, waɗanda suka wuni suna yi wa marasa lafiya nasiha, haka suke tashi da tsauni uku, kuma a ganinsu abinci mai sauƙi suka ci tunda ba nama ba maiƙo. Shinkafar da inji ya goge ta fes ba abin da ya rage a jikinta sai sitaci, cikin ɗan lokaci take narkewa ta zama suga. Wani bincike da ya haɗa mutum sama da 130,000 a ƙasashe 21 ya nuna cewa a yankin Indiya da maƙwabtanta, masu cin giram 450 na dafaffiyar shinkafa a rana ko fiye, kimanin kofi uku ke nan, haɗarinsu ya ɗara na masu cin ƙasa da giram 150 da kusan kashi 60. Kofi uku kuwa wani a zama ɗaya yake gamawa da shi.

Ba na cewa ki hana ɗan Haidarabad shinkafa. Wanda ya gwada haka, sati biyu zai yi a koma gidan jiya. Juya farantin za ki yi. Abin da ke gefe ya dawo tsakiya, abin da ke tsakiya ya koma gefe. Rabin faranti ganye da kayan lambu: kuɓewa, alayyafo, kabeji, yalo, wake ɗanye, gongura da suke so wadda ita ce ramarmu. Kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki: dal mai kauri, ƙwai, kifi, kaza, paneer, wato cukun madara. Ragowar kashi ɗayan shi ne shinkafa, katori ɗaya, ƙaramar tasar nan tasu, a cike ba a danna ba, ko chapati biyu matsakaita. Ki zuba a kicin ki kawo, kada tukunyar shinkafa ta zauna a tsakiyar tabarma ko teburi, domin hannu ba ya jin kunyar ƙari. Ya fara da ganyen da naman, shinkafar ta zo daga baya. Wannan jerin kaɗai yana rage tsallen da suga ke yi bayan ci. Cibiyar nazarin abinci ta ƙasa, wadda a garinku take, ta ba da shawara a 2024 cewa hatsi kada ya wuce kashi 45 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa. Yawancin gidajen Indiya sun haura 60 a sitaci da sukari.

Biryani fa? A ci ranar Juma'a ko Lahadi, sau ɗaya a mako, naman ya fi shinkafar yawa a farantinsa, da raita, wato haɗin kindirmo, da yankakken kokwamba da albasa a gefe, a tashi a taka bayan an gama. Wanda ke lalata lissafi shi ne na oda da dare, wanda ɗan babur ke kawowa ƙarfe 11.

Karin kumallo nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Idli da dosa da upma da poha duk sitaci ne a kan sitaci, da ɗan romon sambar. Amma a yankinku akwai pesarattu, wainar koren wake da ake jiƙawa a markaɗa da citta da barkono a shimfiɗa a tanda. Ke da kika tashi kina ganin ƙullun ƙosai da alale, wannan ba baƙon abu ba ne a hannunki. Pesarattu biyu da ƙwai biyu, ko dafaffen chana, wani nau'in wake nasu, da albasa da tumatir da lemun tsami, za su riƙe shi har azahar ba tare da ya nemi biskit ba. Dal ɗin da ake yi tsululu kamar ruwan wanke tukunya ba ya ba da furotin ɗin kirki, ki yi shi da kauri har cokali ya tsaya.

Ga wani wuri da kika fi surukarki gata. Abin da Indiyawa ke ta yayatawa yanzu a matsayin abincin masu suga, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa shekarar 2023 bisa roƙon Indiya, abincin kakanninki ne. Bajra gero ne, jowar dawa ce, ragi kuma tamba. Da yamma a unguwannin Haidarabad za ki ga mata a bakin titi suna yin jonna rotte da tafin hannu a kan kasko, gurasar dawa ce ba mai. Guda ɗaya ko ɗaya da rabi da miyar ganye da dal ya fi farantin shinkafa nesa. Amma a nan ma akwai tarko. Gero da dawa da tamba duk hatsi ne, sitacinsu bai yi ƙasa da na shinkafa sosai ba. Fifikonsu dusar da ke jikinsu ce da jinkirin narkewa. In aka surfe, aka niƙa lukui, aka tace aka dama kunu, an zubar da fifikon. Kunun tamba da suke kira ragi java, in aka sha babban kofi da mazarƙwaila, yana ɗaga suga kamar koko da sukari. A bar dusar, a yi niƙa mai tsakuwa-tsakuwa, a tauna maimakon a kurɓa, kuma ya maye gurbin shinkafa, kada ya zama ƙari a kanta.

Mazarƙwaila, wadda suke kira gur ko bellam. Surukarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma rabin ƙasar haka suka yarda. Amma ke kin san yadda ake yin ta: ruwan rake ake matsewa a dafa har ya daskare. Uwarsu ɗaya da farin sukari, bambancin ɗan launi ne da ɗan burbushin ƙarfe da bai kai ya kawo ba. Jini ba ya bambanta su. Haka zuma, haka ruwan rake na bakin titi, haka lemon kwali da aka rubuta wa "ba a ƙara sukari ba". Ki yi wannan lissafi tare da maigida: shayi kofi 4 a rana, kowanne cokali 2, cokali 8 ke nan, kimanin giram 32. A wata ɗaya ya kusa kilo guda. Ki ajiye ledar sukari ta kilo ɗaya a gabansa ya gani. Ba a ma sa Irani chai na waje ba, da ake dafa madararsa har ta yi kauri da zaƙi, da biskit ɗin Osmania biyu-uku da ke raka shi. Kada a yanke rana ɗaya. Cokali 2 ya koma 1 na sati biyu, sannan rabi, sannan babu. A ƙara citta da elaichi don ƙamshi. Harshe yana sabawa cikin wata guda, har ya zo ya ji tsohon shayinsa ya yi masa zaƙi. Gyaɗa soyayya ba mai, cikin tafin hannu ɗaya, ko gasasshen chana, su karɓi wurin biskit. 'Ya'yan itace a ci su a tauna, ba a matse ruwansu a sha ba: gwaiba, gwanda, lemo, tufa. Mangwaro in lokacinsa ya zo, rabin ɗaya, ba kwano ba.

Karela ɗan'uwan garahuninmu ne. A miya abinci ne mai kyau, ki dafa masa. Ruwansa da sassafe kuwa, binciken da aka yi ƙanana ne, sakamakonsu bai tsaya wuri ɗaya ba, haka ma hulba da suke kira methi, kodayake ita tana da ɗan abin nunawa. Ba zan ce ki yi jayayya da uwar miji a kan kofin karela ba. In yana iya sha, ya sha kaɗan. Illarsa ita ce mutum ya kurɓi ɗaci da asuba ya ji ya biya bashi, ya wuni yana cin abin da ya ga dama. Abin da zan hana kai tsaye shi ne garin magani da ƙwayoyin da ba a san abin da ke ciki ba, masu alƙawarin tumɓuke suga daga saiwa. An sha samun dalma da zaiba a irinsu. Shawarata game da Hajiya surukarki: ki mayar da ita abokiyar aiki. Ita ta yi jinyar mijinta, ta san abin da ciwon nan ke yi wa ƙafa da ido da ƙoda. Ki tambaye ta yadda iyayenta suke yin gurasar dawa da miyar ganye kafin shinkafar inji ta cika gari. Abin da ta koya miki da hannunta ba za ta yaƙe shi ba.

Sai motsa jiki. Tsoka ita ce babbar ma'ajiyar suga, ita ke kwashe mafi yawan abin da ya shiga jini bayan cin abinci, kuma tsokar da ke aiki tana jan suga ko insulin bai ƙwanƙwasa mata ba. Ba'indiye kuwa da ƙarancinta aka haife shi, ga kujera ta cinye sauran. Abin da ake gaya wa duniya minti 150 ne a mako. Masanan Indiya sun ce nasu mutanen su nemi awa ɗaya a rana, a ciki har da minti 15 na ƙarfafa tsoka. Kada adadin ya karya masa gwiwa, ga yadda ake tara shi. Minti 10 zuwa 15 na tafiya bayan kowane babban abinci, a fara kafin rabin awa ta wuce da gama ci, ko a barandar gida ne ko a farfajiyar ofis. Sannan minti 30 na tafiya da sauri, irin wadda zai iya magana amma ba zai iya rera karatu ba. Bayan sallar asuba ya fi, musamman a Afrilu da Mayu da zafin garinku ke wuce 40. In kuna kusa da KBR Park ko bakin tafkin Hussain Sagar, ku je tare. Na tsoka kuwa ba sai an biya kuɗin gidan motsa jiki ba. 'Yan kokawar Indiya sun gaji abu biyu, baithak da dand: tsugunna-tashi, da dafa ƙasa a ɗaga jiki da hannu. Ya fara da tashi-zauna daga kujera sau 10, zagaye uku, da dafa bango, kwana uku a mako, yana ƙarawa a hankali. A wurin aiki kuma duk rabin awa ya miƙe ko na minti 2 ne.

Aikin darensa yana da hannu a wannan 112. Ƙarancin barci, ko na 'yan kwanaki ne, yana sa jiki ya ƙi jin insulin, kuma abinci iri ɗaya ya fi ɗaga suga da tsakar dare a kan da rana. In zai iya neman a sauya masa lokaci, takardar gwajin nan hujja ce. In ba hali, ya ci abincin darensa ƙarfe 7 zuwa 8 kafin ya zauna taro da Amurkawa, bayan nan sai ruwa, ko kindirmo marar sukari in yunwa ta matsa. Ya nemi awa 7 na barci ko da a haɗa da na rana. Ke ce kike kwana kusa da shi: in yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke ya dawo da firgita, ki gaya wa likitansa, ciwo ne mai magani kuma yana tafiya tare da suga da hawan jini. In yana shan taba ko tauna gutka, wato haɗin garin taba da ake sa wa a baki, barin su yana gaba da duk abin da na lissafa.

Nauyin da za ku nema ya sauka kilo 4 zuwa 5 ne cikin wata 6, da santimita 4 ko 5 daga ƙugu. Dangi za su ce ya rame, wasu su tambaya ko ba kya ba shi abinci. Ki shirya wa wannan tun yanzu, ku amsa da baki ɗaya cewa likita ne ya sa.

Azumin Ramadan ba ya hana shi komai a wannan mataki, yana ma iya taimakawa. Buɗa-bakin ne abin kula: dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, haleem, wato faten alkama da nama, ƙaramar tasa ba kullum ba, a bar jan sharbat da tulin samosa, a taka zuwa tarawihi.

Idan bayan wata 3 zuwa 6 lambobin ba su motsa ba, likitansa na iya kawo maganar metformin, musamman da yake sugansa na safe ya haura 110, HbA1c kuma ya haura 6. Kada ya ɗauka faɗuwa ce. Tsohon magani ne mai araha, kuma a binciken Chennai ɗin nan ƙaramin awonsa ya rage haɗari kusan daidai da gyaran rayuwa, kodayake haɗa su biyun bai ƙara komai a kai ba. Wanda ya daɗe yana sha a riƙa duba masa bitamin B12. Kada dai ya saya da kansa a kemis. A wannan zuwan a auna hawan jini da kitsen jini da lafiyar hanta, domin tare suke tafiya, kuma zuciyar Ba'indiye tana kamuwa da wuri. In kika ga ƙishirwa ta yi yawa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, ko yana ramewa ba dalili, kada a jira wata uku.

Komawa daidai da kike tambaya yana nufin suga na safe ƙasa da 100 da HbA1c ƙasa da 5.7. A ci gaban binciken Amurka, waɗanda suka taɓa komawa daidai ko sau ɗaya ne, haɗarin kamuwarsu daga baya ya ragu da fiye da rabi idan aka gwada da waɗanda suka zauna a bakin ƙofa. Amma ƙirar jikinsa da gadonsa suna nan, in aka koma tsohon faranti lambar za ta dawo. Saboda haka gwaji sau ɗaya a shekara ya zama nasa har abada, kuma yaranku su tashi a kan wannan farantin, tunda rabin jininsu daga can ne. Kada ki dafa tukunya biyu, ta marar lafiya da ta masu lafiya. Namiji ba ya jure a ware shi a gidansa.

Ramachandran ya sake yin wani gwaji da maza ma'aikatan masana'antu fiye da 500: rabinsu ana aika musu gajeren saƙon waya na tunatarwa a kai a kai, rabi ba a aikawa. Cikin shekara 2, kashi 18 na masu samun saƙo suka kamu, na ɗaya ɓangaren kashi 27. Saƙon ba magani ba ne, tuni ne kawai daga wanda bai ma san su ba. Maigidanki yana da wadda ta fi saƙon waya. Sai dai tunin ya zama na ɗauko takalmi ki ce "taso mu taka", ba na tsayawa a kansa ana ƙirga masa loma ba. Gobe da safe ki auna ƙugun, ki rubuta, ku nemi ranar gwajin gulukos ɗin. Bayan wata 3 a maimaita HbA1c, ki aiko min da lambobin uku, na ƙugu da na safe da shi, mu ga inda za a ƙara ɗaurewa.